A Gaɓar Kogin Tems, Inda Ake Tafiya Da Kunne

Ranar da na fara sauka a unguwar Putney, a kudu maso yammacin Landan, rabin kogin da aka ce in zo in gani ba ya nan. Ruwan ya janye ya koma tsakiya, ya bar taɓo da tsakuwa shimfiɗe hagu da dama, agwagin ruwa suna kiwo a kai. Na dubi 'yar wana, wadda take karatu a wata jami'a a birnin, kuma ita ce ta matsa mini lamba in zo, na ce, "Yanzu wannan ne Tems ɗin da kuke cika mana kunne da labarinsa? Ai gulbin garinmu ko a tsakiyar bazara ya fi wannan kwarjini." Ta yi dariya ta ce, "Baffa, ka ba shi awa shida."

Muka shiga gari muka dawo da la'asar. Ruwa ya cika ya tumbatsa, har yana lasar kwaltar da ke gaban gidajen ajiye jirage, kuma abin da ya fi ɗaure mini kai, ya juya akalarsa yana gudu zuwa yamma, wato wajen da yake fitowa da safe. Sau biyu a kowace rana teku take turo ruwa ta bakin kogin, ya hauro cikin birni, ya ɗaga mita da dama, sannan ya koma. Ni haifaffen Yelwan Yawuri ne, a gaɓar Kwara na yi wayo, kawuna kuma ɗan fito ne da ya tsufa da filafili a hannu, saboda haka ina ganin ba mai yi mini burga da ruwa. Amma kogin da yake tafiya gaba da hantsi ya dawo da baya da la'asar, sai ran nan na gan shi. Na haɗiye sauran maganata.

Na je ne a makon tseren kwalekwale na jami'o'in Oksfod da Kambirij, wanda aka yi ranar Asabar, 30 ga Maris, 2024. An fara wannan karawa a 1829, bayan wasu abokai biyu, Charles Merivale na Kambirij da Charles Wordsworth na Oksfod, sun haɗa makarantunsu gasa. A garin Henley aka yi na farko, Oksfod ta ci. Tun 1856 ake yin sa duk shekara, in ban da lokutan yaƙin duniya biyu da shekarar 2020 ta annobar korona. Fagen ya tashi daga Putney zuwa Mortlake, mil 4 da yadi 374, kimanin kilomita 6.8 ke nan, ninki uku da ɗoriya na mita 2,000 da ake yi a Olamfik. Mata sun fara nasu a 1927, amma sai a 2015 aka ba su fage ɗaya da rana ɗaya da maza.

'Yar tawa ba a ɗayan jami'o'in nan biyu take ba, sai dai ƙungiyar makarantarsu a wannan gaɓa take ajiye jiragenta. Lokacin da ta aiko gida cewa ta shiga ƙungiyar tseren kwalekwale, dariya aka yi ta yi a tsakar gida, don yarinya ce da iskar hunturu mai ƙarfi za ta iya ɗauka. Mahaifiyarta ce kaɗai ba ta yi dariya ba, ita ce ma ta sa na yi alkawarin in na je zan gano mata da idona abin da 'yarta take yi a kan ruwan Turawa. To, ashe ko filafili ba ta taɓawa. Ita ce koks.

Kalmar guntuwa ce daga wata tsohuwar kalmar Ingilishi mai nufin yaron da ke kula da ƙaramin jirgi, wato bara. Yau baran nan shi ne mai gida a kan ruwa. Jirgin tsere mafi girma mutum tara yake ɗauka, ƙarti takwas masu tuƙi, da koks wanda yake takure a can ƙarshen baya. Ana son sa marar nauyi tunda kaya ne a wuyan masu tuƙi, amma don kada a riƙa horar da mutane da yunwa, dokar gasar duniya ta ce kada ya gaza kilo 55. Wanda bai kai ba sai a haɗa shi da ƙunshin yashi ya cike giɓi. Na ga nata ƙunshin a rataye da sunanta a jiki. A hannunta akwai igiya biyu da ke juya wani ɗan faranti a ƙarƙashin ruwa, wanda bai fi katin cirar kuɗi girma ba, kuma shi ne linzamin jirgi mai tsawon kimanin mita 18. A kanta akwai ɗan makirufo, muryarta tana fita ta ƙananan lasifikoki a ƙarƙashin kujeru.

Abin da ya ba muryar wannan daraja shi ne abin da baƙo yake fara lura da shi: duk mutum takwas ɗin nan sun juya wa inda suka dosa baya. Koks kaɗai ke kallon gaba. A kwalekwalenmu kowa gabansa yake fuskanta, yana ganin dutse, yana ganin kututture, yana ganin kunnen dorina, shi ya sa kawuna yakan ƙetare da mu tun daga wannan gaɓa har waccan bai ce uffan ba, sai dai gyaran murya ko nuni da haɓa. Waɗannan kuwa da kunne suke tafiya. Duk abin da ido zai gaya wa mutum dole a mayar da shi kalma, kuma kalmar ta zama gajera, mai ma'ana ɗaya tak, irin wadda mutumin da numfashinsa yake neman ɗaukewa zai ji ya aikata ba tare da tunani ba. A nan na fahimci dalilin da ya sa wasa ɗaya ya tara kalmomin da za su cika ɗan ƙamus. Da dare muka zauna ni da ita da littafin rubutu, muka raba shafi gida biyu, tana faɗin tasu, muna laluben abin da Bahaushe zai ce.

Jirgin kansa ɓawo suke ce masa, sunan kuwa ya dace, don in ka ƙwanƙwasa shi sai ka ji kamar ƙwarya. Da zaren kabon ake ƙera shi, faɗinsa ɗan abin da ya ɗara rabin mita ne, dokar kuma ta ce na mutum takwas kada ya gaza kilo 96, wato ɗaya daga cikin ƙartin da ke tuƙa shi ma yana iya fin sa nauyi. In za a kai shi ruwa bisa kai suke ɗaga shi, kamar masu ɗaukar jinka, kuma tun daga nan umarni yake farawa: a kama, a ɗaga, a sauke kafaɗa, a taka. Ba mai motsi sai ta ce. Filafilinsu ya kusa mita huɗu, kuma ba a sake yake a hannu irin namu ba, yana kwance ne cikin wani maƙali a ƙarshen hannun ƙarfe da ya miƙo daga gefen jirgi, an rufe shi da 'yar sakata da suke kira ƙyaure. Kujerar tayoyi gare ta, tana zarya bisa dogo biyu, ƙafafu kuma suna cikin takalman da aka kafe a jikin jirgin. Mai kallo daga nesa gani yake da hannu ake ja, alhali cinya ce take yawancin aikin, baya ya karɓa, hannu ya ƙarasa.

In kowa yana riƙe da filafili guda da hannu biyu, suwif ke nan, wato shara. In kowa biyu gare shi, ɗaya a kowane hannu, sikal ke nan. Hagu da dama ma ba a faɗinsu a cikin jirgi, domin damar koks hagun mai tuƙi ce, kafin a gama tantance ta wa ake nufi an yi karo. Sai Turawan Ingila suka laƙaba wa kowane gefe sunan kujera, gefen sitirok da gefen bau.

Kujerun lamba gare su, kuma da lambar ake kiran mutum ko ɗan sarki ne. Na ɗaya, bau, yana can hancin jirgi, yana ganin bayan kowa, ba mai ganin nasa. Shi da na biyu galibi su ne marasa nauyi masu laushin hannu, su ke daidaita jirgi kada ya yi tangaɗi. Daga na uku zuwa na shida ɗakin inji ake ce musu, nan ake zuba ƙartin da ba a tambayarsu komai sai ƙarfi. Na takwas, wanda yake gwiwa da gwiwa da koks, shi ne sitirok, kuma duk jirgin bayansa yake kallo: in ya yi sauri an yi, in ya lafa an lafa. Na bakwai ke ɗaukar kiɗan daga gare shi ya miƙa wa ɗaya gefen. Na ce mata, "Ai wannan zabiya ce da 'yan amshi." Ta ce, "A'a Baffa, zabiya tana da damar yin gaba ta bar 'yan amshi su kamo ta. Shi wannan in ya yi gaba shi kaɗai, jirgin ya mutu." Muka yi ta ja-in-ja, daga bisani muka rubuta uban kiɗi, ba don ta gamsu ba.

Washegari da sassafe, ga azumi a baki, mai horar da su, wata dattijuwa mai kakkaurar murya, ta yarda a sa ni a wani faffaɗan jirgin koyo, bayan an ɗaura mini rigar da ke hana nitsewa. Na shiga da izzar jinin 'yan fito. Aka koya mini cewa bugu ɗaya gaɓa huɗu gare shi. Akwai kamu, lokacin da mutum ya dunƙule, gwiwa a ƙirji, ya tsoma tafin filafili a ruwa a tsaye. Akwai tunkuɗa, inda ƙafa take ture jirgi. Akwai zarewa, a danna hannu ƙasa tafin ya fito. Sai komawa, a gangara a hankali don sabon kamu. A wannan komawar ne ake murza ƙota tafin ya kwanta a kan iska kamar gashin tsuntsu, sunan da suka ba abin ke nan ma, don kada iska ta tokare shi ko ya ci karo da igiyar ruwa. Dab da kamu sai a sake tsayar da shi.

Abin da dattijuwar ta fi nanatawa ya saɓa wa hankalina, wai a komawar ake gane gwani. Sabon shiga yana ɗokin ya koma ya sake bugu, sai ya zabura da dukan nauyinsa zuwa bayan jirgi, ya taka masa birki da kansa. Jirgi ya fi gudu a daidai lokacin da filafilai suke sama ba mai taɓa ruwa, aikin mai tuƙi a wannan ɗan taƙi shi ne kada ya dame shi. Na gyaɗa kai kamar na gane. A bugu na goma sha wani abu na tsoma filafilin bai gama tsayuwa ba, ruwa ya fizge shi ƙasa, ƙotar ta dawo ta same ni a ciki, ban ankara ba sai ga ni rigingine, ƙafafu a takalmi, ina kallon sararin samaniyar Landan. Daga gaɓa na ji an kwashe da dariya, muryar 'yata a sama da ta kowa: "Baffa ya kama ƙaguwa!" Haka suke kiran wannan abin kunya, kamar dai wata ƙaguwa ce ta cafke filafilin a ƙarƙashin ruwa ta ƙi saki. Kuma ba sabon shiga kaɗai take samu ba. A tsakiyar gudu, ƙaguwa mai ƙarfi tana iya tsayar da jirgi cak, ko ta cilla gwani cikin ruwa. Wannan kalma ba ta ba mu wahala a shafinmu ba.

Wadda ta ba mu wahala ita ce suwin. Ta ce wani hali ne da jirgi yake shiga jefi-jefi, inda filafilai takwas suke kamu a ƙiftawa ɗaya su fita a ƙiftawa ɗaya, ƙarar ƙyaure takwas ta zama ƙara guda, jirgin ya yi sakayau kamar an rage masa kaya, har ka ji ƙananan kumfa suna gudu a ƙarƙashinsa. Ba a umartar kowa ya yi shi, zuwa yake, kuma a shekara biyun da ta yi, lokutan da ta ji shi ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Tana cikin kwatance na tuna tsakar gidanmu ana shirin biki, mata uku a kan turmi ɗaya, taɓare suna sauka ba mai karo da wata, har a riƙa cilla taɓarya sama ana tafi kafin a cafe. Na ce, "Lugude." Ta yi shiru, sannan ta ce bai yi daidai sosai ba, don a lugude bi da bi ake yi, su kuwa tare, amma abin da jiki yake ji, shi ne. Da hannunta ta rubuta.

Sauran kalmomin na awo ne. Ana ƙirga bugu nawa ake yi a minti: a atisaye wajen 20, a tsere sama da 30, a tashin farko har ya haura 40. Yawan bugu kuwa ba shi ne gudu ba. Kowane filafili yana barin gurbi mai juyawa a kan ruwa, kamar sawun raƙumi a rairayi, mai ido kuma yana duban tazarar da ke tsakanin sawun wannan bugu da na gaba ya san ko jirgi na tafiya ko haƙilo kawai ake yi. Rata tsakanin jirage biyu da tsawon jirgi ake auna ta. In ba ta kai ba a ce kujera kaza, ko a ce kyanbas, wato ɗan rufaffen hancin jirgi da a da ake lulluɓewa da tamfol. In ratar ta wuce a tsaya ƙirga, alƙali yakan rubuta sakamakon da cewa an ci cikin sauƙi, kuma cin fuska mai ladabi irin wannan sai an tona. Akwai wata da suka aro daga Faransanci, rafashaj, wadda asalin ma'anarta tsamo abin da ya faɗa ruwa: dama ce ta biyu da aka daɗe ana ba waɗanda suka faɗi a zagayen farko na manyan gasa.

Ranar Juma'a muka bi gaɓa da ƙafa, muka wuce daura da filin ƙwallon Fulham da ke ƙetare, da tsohon gidan ajiyar kaya na Harrods, tana ba ni tarihin da ba a cika faɗa a ranar biki ba. Wannan sana'a ba ɗaliban jami'a suka ƙago ta ba. Kafin a gina gadar Putney a 1729, Gadar Landan ce kaɗai a wannan yanki na kogin, don haka fito ne abincin dubban mutane. A 1555 majalisar ƙasar ta kafa dokar da ta tsara sana'ar, daga baya aka wajabta shekara bakwai ta koyo kafin a ba yaro jirgi. A 1715 wani ɗan wasan kwaikwayo, Thomas Doggett, ya sa kyautar riga da lambar azurfa ga sababbin 'yan fito da za su yi tsere daga Gadar Landan zuwa Chelsea. Har yau ana yin wannan tsere, ya kuma girmi na jami'o'in da shekara 114, amma ba shi duniya take kallo a talabijin ba.

A ƙarni na 19 'ya'yan masu hali suka shigo ruwa, suka koya a hannun 'yan fito, sannan suka zauna suka rubuta ma'anar ɗan wasan sha'awa. A cikin ma'anar suka fitar da duk wanda ya taɓa cin abinci da aikin jirgi, da makaniki, da mai sana'ar hannu, da lebura. John Kelly, Ba'amurken da ya fara rayuwa da aikin birkila, an ƙi karɓar sunansa a gasar Henley a 1920. Ana danganta hakan da wannan doka da kuma wata tsohuwar rigima da ƙungiyarsa. A shekarar ya je Olamfik ya ci zinare, ya doke mutumin da ya lashe kofin na Henley, ɗansa kuma ya zo ya ɗauki kofin a 1947. Sai a 1937 aka soke sharaɗin, bayan abin kunyar da aka yi a 1936 na hana wata tawagar 'yan sandan Ostireliya shiga. A ganina, wannan ce kalma mafi muni a ƙamus ɗin nasu. Ɗan fito ya koya wa ɗan masu gida tuƙi, aka wayi gari an rufe masa ƙofar fage don tafin hannunsa yana da kanta. Tana magana ina tuna tafin hannun kawuna, wanda in ya shafa kan yaro sai yaro ya ji kamar an goga masa ɓawon itace.

Ranar Asabar muka sami wuri a gaɓar arewa kusa da Gadar Hammersmith, inda aka kafa babban majigi. Kafin tsere akan jefa wani tsabar zinare bugun 1829, wanda ya ci ya zaɓi gefe, Surrey ta kudu ko Middlesex ta arewa. Zaɓin yana da nauyi domin kogin lanƙwasa uku ya yi: ta farko da ta ƙarshe suna taimakon na arewa, doguwar ta tsakiya tana taimakon na kudu. Ana tashi ne lokacin da ruwan teku yake haurowa, a hau bayansa, ƙarfinsa kuwa yana cikin wani siririn kwari mai zurfi da ido ba ya gani, kuma duka koks biyu shi suke so. Alamomi suke bi irin na 'yan fito, misali fitila ta biyu daga hagu a kan gadar Hammersmith. Alƙali yana biye a jirgi mai inji, da farar tuta ta gargaɗi da ja ta tsayarwa. A wurin tashi kowane koks hannunsa yana sama har sai ya ga jirginsa ya miƙe. Muddin hannun bai sauka ba, bai shirya ba.

Abin da ido yake samu daga gaɓa bai cika minti ɗaya ba. Hayaniya ta taso daga gabas, sai ga su, shuɗi mai duhu na Oksfod da shuɗi mai haske na Kambirij, ƙarar ƙyaure tana tashi kamar ana rufe ƙofa ɗaya sau da yawa, muryar koks biyu tana tsaga ihun jama'a, shi ke nan sun wuce, kowa ya juya ga majigi. A tseren mata Oksfod ce ta fara yin gaba, Kambirij ta kamo ta a doguwar lanƙwasa, har jiragen suka gogi juna, Kambirij ta ci da tsawon jirgi bakwai. Koks ɗin Oksfod ya ɗaga hannu a layin ƙarshe, wanda a wannan wuri yake nufin ƙorafi, alƙali ya saurara ya ce sakamako yana nan.

Na maza ne ba zan manta ba. Kambirij tana gaba, an doshi ƙarshe, sai aka ga uban kiɗinsu, Matt Edge, ƙarfinsa ya ƙare. Kansa yana lilo, jikinsa yana zarya bisa kujera kamar wanda ake ja da igiya, filafilinsa da ƙyar yake shiga ruwa. 'Yata ta damƙe mini hannu ta ce, "Baffa, dubi na bakwai, shi ya karɓi kiɗan." Ni da kwana uku da suka wuce ban san akwai wani na bakwai ba, na ga abin da take nufi. Mutum bakwai suka ɗauki na takwas har layi, suka ci da tsawon jirgi uku da rabi a minti 18 da daƙiƙa 56, nesa da tarihin minti 16 da daƙiƙa 19 da Kambirij ta kafa a 1998, amma ba wanda ya damu da agogo. Sai da aka tallafe shi aka fitar da shi daga jirgin. Al'ada ce waɗanda suka ci su jefa koks ɗinsu cikin kogi, a 2024 ba a yi ba, domin an gargaɗe su cewa gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta masu yawa a ruwan saboda ƙazantar magudanai da ake saki a ciki. Ashe su ma kogin nasu yana da nasa ciwon. Na ƙara gode wa Allah da ƙaguwata a cikin jirgi ta yar da ni.

Kalma ɗaya ce a littafinmu ba ta nemi fassara ba, rigata. Daga birnin Venice na Italiya ta fito, Ingilishi ya ara, ta hauro Kwara har ta zama sunan bikin jiragen da muke yi a Yawuri, inda yaro zai rantse ta kakansa ce. Da muka zo kanta, 'yata ta juya sabon shafi ta ce, "To Baffa, na ba ka namu na nan. Yanzu faɗa mini na gida." Na gyara zama na fara: kwalekwale, filafili, gwangwala, fito, mashigi, gungu, kwarfe ruwa. Daga nan na tsaya. Ina ganin kawuna a idon zuciyata sarai, yadda yake murza filafili a ƙarshen kowane bugu don jirgi ya tafi a miƙe alhali gefe ɗaya yake tuƙi, yadda yake dosar sama da mashigi don ruwa ya sauke shi daidai wurin, yadda yake gane rami da launin ruwa. Na kuma tuna cewa duk ƙarancin maganarsa, in ruwa ya yi fushi akwai kalmomin da yake jefa wa 'ya'yansa, wasu da Hausa wasu da harshen Gungawa. Na ji su ina yaro, na bar su suka zube, domin makarantar da aka kai ni ba ta lissafa su cikin ilmi ba. Madatsar Kainji ta cinye tsibirai da yawa a 1968, inji ya zo daga baya ya karɓe aikin filafili a manyan mashigai, kawu kuma ya rasu. Turawan da suka rufe wa ɗan fitonsu ƙofa sun riƙe sana'arsa a rubuce. Mu da ba mu kori namu ba, ba mu tambaye shi ba. Shafinta ya cika har ya juya baya, nawa layi bakwai.

Da na koma masauki na buga wa ɗan kawun nawa waya, wanda ya gaji jirgin ya ɗaura masa inji. Taubashina ne, don haka sai da ya gama yi mini tsiya a kan ƙaguwar, wadda labarinta ya riga ya isa Yelwa ta wayar 'yata. Sannan na kwatanta masa murzawar nan ta ƙarshen bugu, na ce me Kawu yake ce mata? Ya yi jim, ina jin ƙarar injin wani a bayansa. Ya ce yana jin kalmar a bakinsa amma ta ƙi fitowa. Ya ce akwai wani tsoho da suka yi fito tare da Baba, yana nan da ransa a ƙetare, sai dai kunnensa ya yi nauyi, ba a magana da shi ta waya.

"In da gaske kake," in ji shi, "ka zo bayan salla da littafin naka in ƙetarar da kai. Amma a tsakiya za ka zauna, kuma ba zan ba ka filafili ba."